Yadda kishin ƙasa ke ginuwa: Abin da tarihin Tudun Wadan Zariya ke nunawa

Duk shekara idan 1 ga Oktoba ta zagayo, akan ji shugabanni suna kira ga jama'a da su zama masu kishin ƙasa, kamar dai kishin ƙasa wata babbar riga ce da ke ninke cikin adaka, sai a ɗauko a sa ranar biki. Su kuma jama'a, a kasuwa da ofis, sukan amsa da cewa ai Turawa ne suka haɗa Nijeriya ba tare da sun tambayi kowa ba, don haka ba abin mamaki ba ne idan zukata sun ƙi haɗuwa. Wannan amsa gaskiya ce, sai dai ba ta kai ƙarshen zance ba. Da wuya a sami wata ƙasa a duniya da mutanenta suka wayi gari kawai suka ga kansu al'umma ɗaya. Jin cewa "mu ɗaya ne" gini ne, yana da magina, yana da kayan aiki. Wanda ke son ganin yadda ake irin wannan gini, ya fita daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya shiga Tudun Wada.

Kafin zuwan Turawa, idan aka tambayi mutum ko shi wane ne, zai ce shi Bazazzagi ne, ko Bakano, ko Bakatsine, ko Banufe, ko Babarbare. Zai ambaci garinsu da sarkinsu da sana'ar gidansu, sannan addininsa. Daular Usmaniyya da ta kafu bayan jihadin 1804 ta tattara masarautu da yawa ƙarƙashin Sarkin Musulmi, amma Borno tana wajenta, haka ma ƙasar Tibi da al'ummomi da dama na tsaunukan Filato. Babu wanda ke kiran kansa "ɗan Arewa" da ma'anar da aka sani yau, balle "ɗan Nijeriya". Sunan Nijeriya ma wata 'yar jaridar Ingila ce, Flora Shaw, ta ba da shawararsa a rubuce a 1897, kuma sai ranar 1 ga Janairun 1914 Lugga ya haɗa Arewa da Kudu ƙarƙashin gwamna ɗaya.

Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai garin ya zama mahaɗa. Daga baya aka ja wani reshe zuwa wuraren haƙar kuza na Jos, wani kuma zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Baƙi suka yi ta kwararowa. Turawa kuwa ba su so a cakuɗa, sai suka raba mazauni. Cikin ganuwa na 'yan gari ne. Sabon Gari, kusa da tashar jirgi, na mutanen Kudu ne da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tudun Wada kuma aka ware ta domin baƙin da suka fito daga sauran lardunan Arewa, waɗanda ba Zazzagawa ba.

Manufar ita ce a raba, amma abin da ya biyo baya ya wuce lissafin masu rabon. A Tudun Wada Basakkwace ya yi maƙwabtaka da Banufe, Babarbare ya yi haya a gidan Bakatsine, Bafulatanin Adamawa ya auri 'yar Kano. Hausa ce ta zama harshen ciniki da na zaure. A cikin birni ana tambayar mutum ɗan gidan wa ne. A Tudun Wada wannan tambaya ba ta da amfani sosai, tun da kowa gidansu na can wani lardi. Ga shi kuma idan sun je tashar jirgi ko gidan waya ko kantunan kamfanonin Turawa, sai su tarar akawunan da ke zaune bayan tebur yawancinsu mutanen Sabon Gari ne, waɗanda suka riga su samun ilimin boko. Mutum ba ya gane tsawonsa sai ya tsaya kusa da wani. Mazauna irin waɗannan unguwanni sun rasa sunan da zai tattara su, ga kuma wani rukuni a gabansu da suke auna kansu da shi. Sunan da ya cike gurbin shi ne "'yan Arewa".

Jaridar kwabo ɗaya

Zama wuri ɗaya yana haɗa ɗaruruwa ko dubbai. Abin da ke haɗa miliyoyin da ba za su taɓa ganin juna ba wani abu ne daban. Wani masani mai suna Benedict Anderson, a littafin da ya fitar a 1983, ya yi bayanin cewa al'ummar ƙasa tana rayuwa ne a cikin zukatan mutanen da ba su san juna ba amma kowannensu ya tabbata sauran suna nan, kuma ya ce ɗab'i, musamman jarida, shi ne babban abin da ya haifar da wannan tabbaci. Mai karanta jarida ya san cewa a daidai wannan lokaci akwai wasu dubbai a garuruwan da bai taɓa zuwa ba suna karanta shafin da yake karantawa, cikin harshen da yake ji, suna jin haushin abin da ya ba shi haushi.

A Arewa, Zariya ce cibiyar wannan aiki. Nan Hukumar Fassara ta zauna a farkon shekarun 1930 ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta koma Hukumar Talifi. Ita ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editan Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa a gefen Tudun Wada, a yankin da har yau ake kira Gaskiya.

Gwamnatin mallaka ta kafa jaridar ne don amfanin kanta. Yaƙin duniya na biyu yana ƙaratowa, jita-jita ta cika gari, har da raɗe-raɗin cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus, ga kuma jaridun Legas irin su West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, wadda ta fara fitowa a 1937, suna sukar Turawa ba sassauci. Ana son wata murya da za ta kwantar da hankalin jama'a. To amma jarida ba ta tsayawa inda mai ita ya ajiye ta. Kwafi ɗaya yakan zaga hannuwa da yawa. Malamin makaranta ko na asibiti ya karanta da ƙarfi a zaure, waɗanda ba su iya boko ba suna saurare. Shafin wasiƙu ya zama dandali. Mai rubutu daga Yola ya koka kan wani abu, na Gusau ya karanta ya ga ai damuwarsu ɗaya ce. Labarin sojojin da aka kai Gabashin Afirka da Bama yana zuwa a matsayin labarin "yaranmu", ko da kuwa ba daga lardin mai karatu suka fito ba.

Akwai wani aikin da ya fi wannan ɓoyuwa. A waɗannan shekaru ne aka daidaita rubutun Hausar boko, da haruffanta masu lanƙwasa, aka ɗauki karin harshen Kano ya zama ginshiƙi. Basakkwace yana magana da karinsa a gida, amma idan ya ɗauki jarida ko littafin makaranta, Hausar da yake karantawa ita ce wadda ɗan Bauci ke karantawa. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga jaridun larduna daga Zariya: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya. Sunayen na larduna ne, amma maɗaba'a ɗaya ce, ƙa'idar rubutu ɗaya. Irin wannan ne Faransa ta yi da makarantunta a ƙarni na 19, lokacin da ɗimbin ƙauyawanta ba sa jin Faransancin Faris, kuma irinsa Julius Nyerere ya yi da Suwahili a Tanzaniya.

Abin lura shi ne iyakar da'irar. Jaridar tana isa inda Hausa ke isa. Ba ta shiga Ibadan ko Inugu, ban da unguwannin Hausawa. Saboda haka al'ummar da ta gina a zukatan masu karatu ta tsaya ne kusan inda taswirar Jihar Arewa ta tsaya.

An ga haka a fili a 1943, lokacin da aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa lokacin ba da mulkin kai, ya nemi abokan tafiya su sa hannu. Abubakar Imam ya ƙi. Ba don yana ganin mulkin Turawa ba shi da aibi ba, domin shi kansa ya sha nuna gazawar tsarin En'e da yadda aka yi watsi da matasa masu ilimi. Lissafinsa shi ne, idan Turawa suka tafi a lokacin, Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi, sai dai a sauya mai mulki kawai. Sa'adu Zungur kuwa, wanda ya koyar a Zariya ya kuma kafa ƙungiyar tattaunawa ta matasa a garin, ya bi wata hanyar. Ya shiga NCNC ta Azikiwe har ya zama sakatarenta na ƙasa a 1948, ko da yake daga baya ya dawo gida. Dukansu biyu masu kishi ne. Saɓaninsu a kan wace ce "ƙasar" da za a yi wa kishin, da kuma wa ya kamata a fara tunkara, Bature ko sarakuna ko ɗan Kudu.

A ƙarshen 1948 aka yi tarurruka a Zariya da Kaduna waɗanda suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa. Wanda ya jagoranci na Zariya, ya kuma zama shugaban ƙungiyar na farko, shi ne Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, Bafulatani Kirista wanda ya tashi a Wusasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa "Arewa" da suke nufi ta fi ƙabila ɗaya ko addini ɗaya faɗi. A 1951 ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, da taken Arewa ɗaya al'umma ɗaya. Kafin nan, ranar 8 ga Agustan 1950, masu ra'ayin sauyi sun kafa NEPU a Kano, wadda ta ce rabon da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin talakawa da masu sarauta.

Makaranta ma ta yi nata aikin. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921 ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, a kan Titin Gaskiya. Yaran da aka tsinto daga larduna daban-daban suka kwana ɗaki ɗaya, suka ci tuwo ɗaya, suka sha horo ɗaya, suka fita da zumuncin da ya riƙe su har tsufa. Cibiyar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo, dab da Tudun Wada, ta yi wa akawuna da ma'aikatan En'e irin wannan. Ma'aikacin da aka horar a Zariya, aka tura shi Makurɗi, aka mayar da shi Maiduguri, aka dawo da shi Kaduna, ya san iyakar ƙasarsa da tafin ƙafarsa, kuma iyakar ita ce inda canjin wurin aiki ke iya kai shi.

Daga Arewa zuwa Nijeriya

Da wannan fahimta shugabannin Arewa suka shiga tattaunawar tsarin mulki. A 1947 Tafawa Ɓalewa ya faɗa wa majalisa cewa haɗin kan Nijeriya a takarda kawai yake. A taron Ibadan na 1950 Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a koma yadda ake kafin 1914. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin samun mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, kuma a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano. Mafitar da aka samu ita ce tsarin tarayya na 1954, kowace jiha ta riƙe nata. Shekara shida bayan haka, mutumin da ya ce haɗin kan a takarda yake shi ne ya karɓi takardun 'yancin kai a matsayin Firayim Minista.

Wasu na ɗaukar wannan a matsayin saɓa magana, amma haka lamarin yake tafiya a ko'ina. Kishi zobe ne cikin zobe, kuma mutum yana faɗaɗa nasa ne idan ya ga babban zoben ba zai haɗiye ƙaramin ba. Da gwamnatin Janar Ironsi ta soke tsarin tarayya da doka ta 34 a watan Mayun 1966, bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairu, abin da ya biyo baya shi ne kiran "a raba" da zubar da jinin 'yan Kudu, musamman Ibo, a garuruwan Arewa, har da Zariya. Unguwannin da aka ware tun zamanin Turawa suka zama shaidar da ake gane wanda za a far wa. Wannan ita ce mummunar fuskar ginin: kayan aikin da ke cewa "mu" su ne ke nuna "su".

Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Barewa, shi ya raba ƙasar jihohi 12 a 1967, ya jagoranci yaƙin basasa har zuwa Janairun 1970. Bayan yaƙin gwamnati ta ɗauko dabarun nan na Zariya ta shimfiɗa su a kan ƙasa baki ɗaya. Aka ƙara yawan kwalejojin gwamnatin tarayya domin yaran jihohi su haɗu a ɗakin kwana ɗaya. Aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 domin wanda ya gama jami'a ya yi shekara a jihar da ba tasa ba. A shekarar ce kuma naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 domin Arewa, ta koma hannun tarayya ta cika da ɗalibai daga kowane lungu, barikin horar da kuratan soja na Zariya kuma yana karɓar matasa daga kowace jiha. Tuta da taken ƙasa suna da nasu matsayi, amma alamu ne. Taken ma an sauya shi a 1978, aka dawo da tsohon a 2024, ba tare da wani ya ji ya ƙara zama ɗan ƙasa ko ya ragu ba.

Mai shakkar ƙarfin waɗannan abubuwa ya dubi Maraɗi. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ba ta yanke ba. Amma tun da Ingila da Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, yaron Maraɗi ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ya riƙe sefa, ya saurari rediyon Yamai, ya nemi aiki a gwamnatin Nijar. Yau idan ƙungiyoyin ƙwallon ƙasashen biyu suka kara, ba a tambayarsa wadda yake goyon baya. Jini da harshe sun bar shi ɗan'uwan Bakatsine, makaranta da kuɗi da ofis sun mai da shi ɗan wata ƙasa.

Baƙo da ɗan gari

Akwai wata mace da tarihinta ya tattara wannan zance. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya. A Zariya ta tashi, ta shugabanci matan NEPU, aka ɗaure ta sau da dama saboda fafutukar 'yancin talaka da na mata, a lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Yau babban asibitin gwamnati da ke cikin birnin Zariya sunanta yake ɗauke da shi. Da za a auna ta da ma'aunin asalin kakanni, da baƙuwa ce.

Wannan ma'auni kuwa yana nan da ransa, kuma a nan ne ginin ya tsaya cak. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato baƙo na ɗan lokaci ne. To amma a Tudun Wada da Sabon Gari, da takwarorinsu na Kano da Jos da Ibadan da Onica, akwai iyalan da suka yi zuriya uku ko huɗu a wuri ɗaya. Nan aka haife su, nan suke biyan haraji da kuɗin rumfa, nan suke binne iyayensu. Ranar da ɗansu zai nemi gurbin karatu, ko aikin gwamnati, ko shiga soja, sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wani ya samu a inda yake zaune, wani a ce ya tafi garin kakansa, inda babu wanda ya san fuskarsa. Ma'aikaciyar da ta auri ɗan wata jiha takan tsinci kanta tsakiya, can a ce ta yi aure ta tafi, nan a ce ba 'yar jiha ba ce.

Tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi, wanda ya shiga kundin mulki a 1979, an yi shi ne da kyakkyawar niyya, don kada wani ɓangare ya mamaye gwamnati, wato tsoron nan da Abubakar Imam ya bayyana tun 1943. Sai dai hanyar da aka bi wajen gane ɗan jiha ta koma kan asali. Sashe na 318 na kundin 1999 ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke 'yar asalin jihar. Shekarun da ya yi a wurin ba su shiga lissafi ba. Sashe na 15 na wannan kundin kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a duk inda yake a tarayya, har da ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Amma sashe na 15 yana cikin babi na biyu ne, babin manufofi, wanda kundin da kansa ya ce ba a kai gwamnati kotu a kan rashin cika shi. Takardar asali kuwa, ba a karɓar fom ɗin neman aiki sai da ita.